In ji wa? Murya, wakilin suna da hauka a cikin tsofaffin finafinan masu jefa murya

0. Gabatarwa

Akwai wasu ƴan finafinai na Amurka da Ingila, waɗanda aka yi tsakanin 1929 da 1978, da suke maimaita labari kusan iri ɗaya. Wani ɗan wasa yana hawa dandali da mutum-mutumi na itace a kan cinyarsa, yana sa shi magana ba tare da shi ya motsa leɓɓansa ba, jama'a suna dariya. A kwana a tashi sai mutum-mutumin ya fara faɗin abin da mai shi bai so a faɗa ba, daga nan kuma sai hauka ta biyo baya, wani lokaci har da kisan kai. Jini kaɗan ne a cikinsu, babu dodo, kuma duk mai kallo ya san itace ba ya magana. Amma har yanzu ana nemansu ana kallo, kuma suna tayar da tsigar jiki fiye da finafinai da yawa da aka kashe wa dukiya don su ba da tsoro.

Abin da muke so mu nuna a cikin wannan ƴar maƙala shi ne, tsoron da ke cikin waɗannan finafinai daga harshe ya fito, don haka mai nazarin harshe yana da ta cewa a kansa. Tambayar da Bahaushe yake yi in an kawo masa zance, wato «in ji wa?», ita ce finafinan suke hana mai kallo amsarta.

Sai mun fara da suna, tun da sana'ar ba ta da sananniyar kalma a Hausa. Faransanci yana cewa «ventriloque», daga kalmomin Latin biyu, venter, ciki, da loqui, yin magana. In muka bi wannan muka ce «mai maganar ciki», Bahaushe zai fahimci mai riƙe sirri, domin a wurinsa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Saboda haka muka zaɓi «mai jefa murya», ko da yake, kamar yadda za mu gani, murya ba ta jefuwa. Abokin aikinsa kuwa za mu kira shi «mutum-mutumi». Ƴar tsana ta yara ce, gunki kuma na bauta ne, duka biyun ba su dace ba.

1. Daga boka zuwa dandali

Muryar ta girmi mutum-mutumin da ƙarnoni masu yawa. Girkawan dā suna da kalmar engastrimuthos, mai magana a cikin ciki, kuma ga masu duba suke amfani da ita, waɗanda ake cewa wani ruhu ne ke magana daga cikinsu. Da wannan kalma masu fassara Attaura zuwa Girkanci suka kira matar Endor, wadda sarki Saul ya je wurinta don ta kira masa mamaci. A 1772 wani malamin coci Bafaranshe, Abbé de La Chapelle, ya buga littafi sukutum, La Ventriloque ou l'engastrimythe a wasu jerin, Le Ventriloque a bangonsa, don ya nuna cewa abin dabara ce ta furuci, ba aljani a ciki. Daga nan sana'ar ta koma ta nishaɗi. Masu yin ta a ƙarni na 19 suna sa murya ta fito daga bayan ƙofa ko daga ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma suna jera mutum-mutumi da yawa a gabansu. Siffar da muka sani, mutum ɗaya da mutum-mutumi ɗaya a kan cinya suna musayar magana, ta kafu ne da Fred Russell, wani ɗan jarida na Ingila da ya hau dandalin Palace a Landan a 1896 da abokinsa Coster Joe.

Wannan sauyi yana da muhimmanci ga abin da ke tafe. Mai dabo na ƙasar Hausa, in zai yi wasa da ɗiyan dabo, ɓuya yake yi a ƙarƙashin babbar riga, ƴan kallo ba sa ganinsa. Mai jefa murya kuwa a fili yake zama, fuskarsa dab da ta mutum-mutumin, yana cewa jama'a su zuba ido a kan bakinsa. Fuska biyu ne a gaban mai kallo, maƙogwaro ɗaya.

2. Ido ne ke jefa murya

Ta fuskar furuci, babu wani abin mamaki a aikin. Iska daga huhu take fitowa, ta kaɗa tantanin maƙwallato, harshe ya tsara ta, kamar a kowace magana. Wasula ba su da matsala sosai, haka ma baƙaƙen da ake furtawa a hanƙa, ganɗa ko hanɗa, domin duk a bayan haƙora ake yin su, ido ba ya kai wa can. Wahalar tana ga ƴan leɓe: b, p, m, f, v a Ingilishi da Faransanci. Dabarar masu sana'ar ita ce su maye gurbinsu da wani sauti na cikin baki mai kama da su a kunne, wato wani abu kusa da d ko g a maimakon b, kusa da n ko ŋ a maimakon m, su faɗe shi da sauri, su bar mai sauraro ya cike sauran da sanin da ya yi wa kalmar.

Yana da kyau mu tsaya kaɗan mu ga yadda abin zai kasance a Hausa. Ƴan leɓen da za su dami mai jefa murya su ne b, ɓ, m da f, kuma mayen gurbin zai iya haifar da ruɗani, kamar a (1), inda ba mu nuna karin sauti da tsawon wasali ba:

(1) bawa / dawa. Ɓari / ɗari. Masa / nasa

A wani gefen kuma harshen yana taimakonsa. A ƙarshen kalma, m takan koma ŋ a bakin mutane da yawa, shi ya sa ake jin mutun da kullun a maimakon mutum da kullum. Sannan mai karin harshen yamma, na Adar ko na Gobir, da yake cewa tahi da hita inda Bakano zai ce tafi da fita, ya riga ya huta da rabin wahalar f tun daga gida. Hwari da hwata ne kawai za su nemi ya ɗan kewaye leɓɓa.

Ɓoye motsin baki rabin aiki ne. Sauran rabin, wato sa mutane su ji muryar tana fitowa daga wani wuri, mai kallo ne yake yi wa kansa. Kunnen ɗan Adam bai kai ido iya tantance inda abu yake ba, don haka idan ido ya ga baki yana motsi daidai da sautin da kunne ke ji, sai ƙwaƙwalwa ta miƙa sautin ga wannan bakin. Howard da Templeton ne suka laƙaba wa wannan hali sunan sana'ar a 1966. A 1976 McGurk da MacDonald suka nuna cewa ido yana iya canza har baƙin da ake ji: a sa wa mutum sautin ba a kunne, a nuna masa bakin da ke furta ga, sai ya ce da ya ji. A 2004 kuma Alais da Burr suka gwada dusashe hoton har ido ya kasa tantance wurinsa, sai abin ya juye, kunne ya ja ido. Ashe ƙwaƙwalwa tana bin wanda ya fi tabbas ne a cikin su biyun.

To, duk wanda ya taɓa zama a gidan silima ya sha wannan yaudara ba tare da ya lura ba. Muryar ɗan wasa daga lasifika take fitowa, amma a bakin da ke kan allo muke jin ta, har in ɗan wasan ya taka daga wannan gefe zuwa wancan muryar ta bi shi. Rick Altman ya yi wannan magana a wata maƙala ta 1980, inda ya ɗauki sautin fim a matsayin mai jefa murya, hoton kuma a matsayin mutum-mutuminsa. Shi ya sa ba mu ganin katari ne a ce shekara biyu kacal bayan The Jazz Singer na 1927, wanda ake ƙirga farkon silima mai magana daga kansa, aka fito da The Great Gabbo. Sabuwar na'ura ce take kallon kanta a madubi.

Abin dariya shi ne sana'ar ta yi kasuwa har a inda dabarar ba ta da amfani. A 1925 Tod Browning ya yi The Unholy Three, fim marar sauti, inda Lon Chaney ya fito a mai jefa murya da yake sa aku magana a kantin tsuntsaye don ya yaudari masu saye. A rediyo kuwa, Edgar Bergen da mutum-mutuminsa Charlie McCarthy sun riƙe masu sauraron Amurka daga 1937 zuwa 1956, alhali ba mai ganin leɓɓan Bergen, waɗanda ma aka san suna motsi, har Charlie yana yi masa ba'a a kai. A daren 30 ga Oktoba 1938, da Orson Welles ya watsa wasansa na mamayar mutanen duniyar Mars, mafi yawan masu sauraro suna wurin Bergen da Charlie. Wannan yana nuna mana cewa rufe baki ba shi ne ke jan mutane ba. Abin da ke jan su shi ne mutum biyu da suke ji a inda suka san mutum ɗaya ne.

3. «Ni» biyu a baki ɗaya

A nan ne ilimin harshe yake da abin faɗa na kansa. Benveniste, a maƙalarsa ta 1956 kan wakilan suna da ta 1958 kan yadda mutum ke samun kansa a cikin harshe, ya nuna cewa «ni» ba kamar sauran kalmomi ba ce. «Doki» yana nufin doki ko wa ya faɗe shi, amma «ni» ba ta nufin kowa sai wanda yake furta ta a lokacin da yake furta ta, kuma da zarar ya yi shiru abokin magana ya karɓa, sai ta koma tasa. Duk zaman jama'a a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: alkawari, rantsuwa, shaida a gaban alƙali, ɗaurin aure.

Ducrot, a Le dire et le dit na 1984, ya warware abin da Benveniste ya bari a dunƙule. Ya raba wanda sautin ya fito daga bakinsa, «sujet parlant», da wanda maganar kanta ta nuna a matsayin mai alhakinta, «locuteur», da kuma mai ra'ayin da aka bayyana a ciki, «énonciateur». Za mu kira su mai furuci, mai alhaki da mai ra'ayi. Goffman ya yi irin wannan rabo a 1979 da wasu kalmomi. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san sanƙira: shi ke ɗaga murya a wurin ɗaurin aure, amma ba wanda zai bi shi bashin sadaki. Harshen ma yana da kayan aikin wannan rabo a shirye:

(2) Sarki ya ce a taru gobe.
(3) A taru gobe, in ji sarki.
(4) Wai a taru gobe.

A (2) da (3) mai furuci ya ambaci mai alhaki. A (4) bai ambace shi ba, amma ya zare hannunsa daga maganar, ya nuna ba tasa ba ce.

Wasan mai jefa murya yarjejeniya ce a kan wannan rabo. Kowa a zauren ya san mai furuci ɗaya ne, amma an yarda, na tsawon wasan, a ɗauki mutum-mutumin a matsayin mai alhakin rabin maganar. Duk abin da ya fito daga bakin itacen yana ɗauke da «wai» da ba a furta ba. Shi ya sa mutum-mutumin yake da izinin da mai shi ba shi da shi: ya zagi mai kuɗin da ke zaune a gaba, ya yi wa matar wani kalaman banza, ya tona asirin ubangidansa, a yi dariya a wuce, kamar yadda ake ƙyale taubashi ya faɗi abin da wani bai isa ya faɗa ba. Finafinan da muke magana a kansu suna tambayar abu ɗaya ne: me zai faru in an tashi daga wasa, zauren ya watse, amma «wai» ɗin ta ƙi sauka?

A The Great Gabbo na James Cruze, Erich von Stroheim ya fito a mutum mai girman kai da zafin rai, wanda yake wulaƙanta Mary, mataimakiyarsa, har ta rabu da shi. Duk wata magana mai daɗi da Mary ta taɓa ji daga gare shi, ta bakin Otto, mutum-mutuminsa, ta fito. Gabbo ya ajiye tausayinsa a cikin itace, da ya so ɗauko shi kuma lokaci ya ƙure, Mary ta auri wani. Fim ɗin ya cika da raye-raye da waƙe-waƙe da ba su da alaƙa da labarin, kuma a ganinmu ya tsufa ƙwarai, amma shi ya aza tubalin.

Wanda ya gina a kai shi ne Dead of Night na kamfanin Ealing, 1945, wanda masu kallon Faransanci suka sani da Au cœur de la nuit. Labarai ne da dama a cikin labari ɗaya, na ƙarshensu kuma, wanda Alberto Cavalcanti ɗan Brazil ya tsara, shi ne namu. Michael Redgrave ne Maxwell Frere, Hugo ne mutum-mutumin. A wani gidan rawa na Paris, ana cikin wasa, Hugo ya hango wani mai jefa murya Ba'amurke, Sylvester Kee, ya fara zawarcinsa a gaban jama'a, yana nuna ya gaji da Frere, yana son sabon abokin aiki. Jama'a suna dariya, don sun ɗauka cikin wasan ne. Mai kallon fim ne kaɗai yake ganin fuskar Frere, yana ganin zufa, yana ganin mutumin da ke jin magana a karon farko alhali daga maƙogwaronsa take fitowa. Frere ya sa hannu ya toshe bakin Hugo, da ya janye hannun sai ga shaidar cizo.

A lura da wannan motsi, domin duk fim ɗin yana cikinsa. Wanda yake so ya hana kansa magana, bakinsa yake rufewa. Frere bakin itace ya rufe, wato shi ma ya faɗa cikin yaudarar da ya shirya wa jama'a. Daga baya, a wani otal na Landan, ya farka bai ga Hugo ba, ya same shi a ɗakin Kee, ya harbi Kee, Allah ya sa bai mutu ba. A gidan kaso likitan taɓin hankali, Dakta van Straaten, ya sa aka kawo masa Hugo, don ya ji abin da za su ce wa juna. Hugo ya gaya masa cewa shi za a hukunta, shi kuwa Hugo zai koma wurin Kee. Frere ya danne shi da matashi, ya tattake kansa har ya farfashe. A asibiti, bayan ya daɗe bai ce uffan ba, aka kawo masa Kee. Leɓɓansa suka yi ta ƙoƙari, can sai magana ta fito, da muryar Hugo, yana yi wa Kee maraba. In muka koma ga rabon Ducrot, mai furuci yana nan da ransa, amma mai alhakin da ake kira Frere ya ɓace, «ni» ɗaya ta rage a bakin, kuma ba tasa ba ce.

Magic na Richard Attenborough, 1978, daga littafin William Goldman na 1976, ya ɗauki wannan ya mai da shi gwaji, kusan irin na ɗakin bincike. Anthony Hopkins ne Corky, mai dabo mai tsananin kunya da bai yi nasara ba sai da ya samu Fats, mutum-mutumi mai ƙazamin baki wanda aka sassaƙa da kamannin fuskarsa. Da wani gidan talabijin ya nemi a duba lafiyarsa kafin a sa hannu a takarda, sai ya gudu zuwa tsaunukan Catskill. Wakilinsa, Ben Greene, wanda Burgess Meredith ya fito a matsayinsa, ya bi sawunsa, ya tarar da shi yana faɗa da Fats su kaɗai a ɗaki. Bai kira likita nan take ba. Abu ɗaya ya roƙa: Corky ya sa Fats ya yi shiru na minti biyar. Ya kunna sigari ya zauna yana duban agogo. Corky yana murmushi, yana tambayar nawa ya wuce, yana sake tambaya, bai kai ƙarshen minti biyar ɗin ba ya fizgo Fats, magana ta ɓalle kamar an fasa tulu. Mukan nuna wa ɗalibai wannan wuri in muna bayanin karɓa-karɓar magana, domin yana nuna cewa mallakar harshe ba ta tsaya ga iya furuci ba, ta haɗa da iya yin shiru. Ba a daɗe ba Corky ya kashe Ben, kuma da kan Fats ya buge shi.

4. Haukan fim da haukan asibiti

Dole mu yi hattara a nan. Finafinan, da masu sharhi a kansu, sukan haɗa cututtuka biyu da likitoci suka raba. Kalmar «schizophrénie», wadda Bleuler ya yaɗa da littafinsa na 1911, tana nufin rarrabuwar ayyukan hankali, tunani a gefe, ji a gefe, ba mutum biyu a jiki ɗaya ba. Wancan kuwa wata cuta ce daban, wadda littafin likitocin Amurka ya sake wa suna a 1994, Faransanci yake kiran ta «trouble dissociatif de l'identité». Kuma mafi yawan masu fama da ɗayan biyun ba sa kai wa kowa hari. Ɗaure taɓin hankali da kisan kai da irin waɗannan finafinai suka yi, har da Psycho, ya ƙara wa marasa lafiya nauyin ƙyamar da suke sha, wannan kuwa laifi ne da kyawun fim ba ya wankewa.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da suka dace da gaskiya, wataƙila ba da saninsu ba. Tun 1888 likita Bafaranshe Jules Séglas ya lura cewa wasu marasa lafiya da suke cewa suna jin muryoyi, in aka dube su da kyau, leɓɓansu da harshensu suna motsi, su ne suke furta abin da suke ji. A 1949 Louis Gould a Amurka ya ƙara ƙarfin wannan raɗa da na'ura, ya tarar abin da ke cikinta ya yi daidai da abin da marar lafiyar ta ce muryoyin suna gaya mata. Daga baya masu bincike irin su Chris Frith suka ba da bayanin cewa ƙwaƙwalwa tana da hanyar yi wa maganarta alama a matsayin tata, idan alamar ta ɓace sai mutum ya ji zancen zucinsa kamar na baƙo. Kowannenmu yana zance da kansa dare da rana, yana yi wa kansa faɗa da «kai», yana maimaita maganar uwa ko ta malami da muryarsu. Tazarar da ke tsakaninmu da Frere ƴar alama ce guda, kuma muna zaton mai kallo yana jin ƙanƙantar wannan tazara ko bai iya faɗinta ba.

Psycho na Hitchcock, 1960, babu mutum-mutumin itace a cikinsa, amma cikin dangin yake. Gawar uwa ce mutum-mutumin Norman Bates. Michel Chion, a La voix au cinéma na 1982, ya ƙirƙiro kalmar «acousmêtre» don muryar da ake ji ba a ga mai ita ba, wadda ƙarfinta yake cikin ɓuyanta. Tsawon fim ɗin muna jiran mu ga bakin uwar. A ƙarshe, a ofishin ƴan sanda, muryarta tana magana a kan fuskar Anthony Perkins, bakinsa a rufe. Muryar kuma ba ta Perkins ba ce, wasu ƴan wasa ne suka yi ta, wato Hitchcock ya yi wa mai kallo abin da Norman yake yi wa mutanen garinsu.

Wani zai ce ai murya a bakin da ba nata ba abu ne da aka sani a nan, ya kawo misalin bori, wanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsa a yankin Maradi a 1972, Nicole Echard kuma a Adar a 1989. Ba muna daidaita bori da hauka ko da wasan dandali ba, tsarin maganar kawai muke dubawa, kuma a nan bambancin ya fi kamar yawa. In iska ya hau doki, duk wanda ke wurin ya san wa ke cewa «ni», da sunansa ake gaishe shi, akwai kiɗan da ke kiransa, akwai lokacin saukarsa, kuma ba a tuhumar doki da abin da aka faɗa. Tambayar «in ji wa?» tana da amsar da jama'a suka yarda da ita. Frere da Corky ba su da jama'a. Su kaɗai ne a ɗakin otal da muryar, ba mai tayar da ita, ba mai sauke ta.

Wannan ne ma'aunin da muke raba finafinan da shi. Todorov, a 1970, ya ce labarin al'ajabi yana rayuwa ne muddin mai karatu yana kai-kawo tsakanin bayani na hankali da na gaibu. Dead of Night bai taɓa gaya mana yadda Hugo ya je ɗakin Kee ba: likita ya ce Frere ne ya kai shi bai sani ba, Frere ya zargi Kee da sace shi, shaidar cizon kuma tana nan. Devil Doll na Lindsay Shonteff, 1964, ya yanke hukunci cewa ran wani mutum ne aka kulle a cikin itacen da sihiri, daga lokacin kuwa tsoron ya zama na dodo kawai. Haka Dead Silence na James Wan, 2007, inda fatalwa ce ke aikin. The Glass Eye, wani kashi na shirin talabijin na Hitchcock a 1957, ya bi wata hanya da ba ta buƙatar sihiri ko hauka: wata mata ta kamu da son wani kyakkyawan mai jefa murya, da ta samu ganinsa ta taɓa shi sai ya faɗi kansa ya cire, ashe shi ne itacen, ɗan ƙaramin da ke gefensa shi ne mutum.

Saura magana ɗaya da ta shafi masu fassara. Jentsch a 1906, wanda Freud ya tattauna ra'ayinsa a 1919 a maƙalar da Faransawa suke kira L'inquiétante étrangeté, ya danganta irin wannan tsoro da shakkar ko abu mai rai ne ko marar rai. Ingilishi yana ɗauke da wannan shakka a wakilin suna, tun da yana da he na mutum da it na abu, kuma masu jefa muryar finafinan nan da he suke kiran abokan aikinsu. Faransanci ba shi da wannan zaɓi, il ne duka, sannan in an juya fim ɗin zuwa Faransanci an ƙara wani mai jefa murya na uku a bayan Redgrave da Hugo. Hausa ma «shi» za ta ce wa Hugo ko mutum ne ko itace. Sai dai tana da wasu wuraren da dole ta zaɓa: «wane ne» ko «mene ne», «yaron nan» ko «abin nan», «ya mutu» ko «ya lalace» bayan Frere ya tattake shi. Mai fassara zai iya sa likita ya ce ya lalace, Frere ya ce ya mutu. Kalmar «mutum-mutumi» kuwa ta riga ta ɗauki shakkar a cikin ginin ta, domin irin wannan ninki a Hausa, kamar a fari-fari, ruwa-ruwa, barci-barci, yana nufin abin da ya yi kama da wani abu bai kai shi ba, kuma ba ya faɗin ko saura nawa ya kai.